Ciwon suga da bugun zuciya: gwajin da ke gano lalacewar jijiya tun da wuri

Wai zuciya mai lafiya ba daidai wa daida take bugawa ba?

A'a. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan bambanci, in ka ja numfashi ta ƙara sauri, in ka sauke ta lafa. Jijiyar da ke taka mata birki, wadda likitoci ke ce ma vagus, ita ke wannan aikin. To suga in ya daɗe yana sama cin jijiyoyi yake, kuma wannan tana cikin na farko da yake taɓawa saboda tsawonta, sai bambancin nan ya ragu tun mutum bai ji komai ba a jikinshi.

Ya ake gwajin?

Wallahi ba wuya. Likita David Ewing na Edinbara a Scotland ya tsara shi. Za a liƙa maka wayoyin ECG, na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, ka yi dogon numfashi sau 6 a minti ɗaya, sai a duba mafi sauri da mafi jinkirin bugu, in tazarar ta kai bugu 15 a minti lafiya lau, in 10 ce ko ƙasa akwai alamar matsala, amma fa tsufa ma na rage ta. Sannan a auna jininka kana kwance da kana tsaye, in lambar sama ta faɗi da 20 abin ya yi nisa. Ranar gwajin a bar goro da taba da kofi, kuma in kana shan atenolol, maganin hawan jini, ka faɗi.

Me ya sa zan damu tunda ba ciwo nake ji ba?

Wannan ne ma abin da ke tada mani hankali. Mai wannan matsalar zai iya samun toshewar hanyar jinin zuciya, wato heart attack, ba tare da ciwon ƙirji ba. Wani jiri ke ɗibarshi in ya miƙe daga sujada, wani yana zaune zuciya na wuce bugu 100 a minti, sai a ce rana ce ko gajiya.

Yaushe ya kamata a yi?

Mai ciwon suga nau'i na 2 tun lokacin da aka gano ciwon, mai nau'i na 1 bayan shekara 5. In kana ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina ko asibitin Daura, ka tambaya da bakinka.

Agogon hannu mai auna bugu fa?

Yana nuna alama, amma ba ya yanke hukunci.

Ana warkewa?

Jijiyar da ta lalace sosai da wuya ta dawo. Amma in an kama da wuri, daidaita suga da hawan jini da kitsen jini, da tafiyar ƙasa kullum, suna rage mata saurin lalacewa.