Gidan Ightham Mote: tsarin gininsa da yadda ake kare shi

Ightham Mote, ana furta shi kamar "Aitam Mot", wani tsohon gidan masu ƙasa ne a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, kusa da garin Sevenoaks. An fara gina shi ne a farkon rabin ƙarni na 14, wato yanzu ya doshi shekara 700 kenan kuma har yau yana nan tsaye da rufinsa. Irin waɗannan gidajen a zamanin da nan ne mazaunin mai gonakin yanki, nan ake kawo masa kuɗin hayar gona, nan kuma ake zaman sasanta ƙananan rigingimun manoma. Tun 1985 gidan yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi a Ingila.

Tsarin ginin

Abu na farko da mutum zai fara gani shine ruwa. An haƙa rami mai faɗi ya zagaye gidan ta ko'ina, bango kuma daga cikin ruwan ya taso kai tsaye, to dole sai ta gada za ka shiga. Gidan a cikin kwari yake, bishiyoyi sun rufe shi, sai ka zo dab da shi sannan ka ganshi. Ginin kusurwa huɗu ne da tsakar gida a tsakiya an shimfiɗe ta da duwatsu, ɗakuna sama da 70 duk sun kewaye ta, ga doguwar hasumiya a kan ƙofar shiga.

Ƙasan bangon da dutsen yankin Kent aka yi shi saboda ruwa, sama kuma a wurare da dama firam ne na katakon oak, wata bishiya mai ƙarfin itace, ana barin katakon a fili ana gani sai a cike tsakaninsa da yaɓe, wani wajen ma benen ya ɗan turo gaba ya leƙo kan ruwan. Babban zauren shine ɓangare mafi tsufa, rufinsa can sama, da wani bakan dutse da ya ɗauki nauyinsa. A nan maigida da iyalinsa da barorinsa suke cin abinci tare a wancan lokacin.

Abin da yafi burge ni a gidan nan gaskiya shine babu wanda ya taɓa rushe shi ya sake sabo. Masu shi ba wasu manyan attajirai bane irin masu gina fada, kowa yazo sai dai ya ƙara ɗaki ko ya buɗe taga ko ya sa murhu, shi yasa kowane zamani ya bar alamarsa a jikin bango. Sir Richard Clement wanda yayi aiki a fadar sarki ya sayi gidan a 1521, a zamaninsa aka yi wa silin wani ɗakin sama ado da fenti, an zana furen gidan sarautar Tudor da rumman, shi kuma rumman alamar Katarina ce ta Aragon matar Sarki Henry na 8 ta farko. Daga baya ɗakin ya zama wurin ibada, kuma har yanzu in ka ɗaga kai za ka ga zanen a jikin allunan duk da ya dushe. A falon baƙi akwai takardar bango 'yar ƙasar Sin da aka zana da hannu tun ƙarni na 18.

Iyalan Selby ne suka fi daɗewa a ciki, daga 1591 har 1889, kusan shekara 300. Bayansu Sir Thomas Colyer-Fergusson ya saya yayi gyara sosai. A tsakar gidan akwai wani ƙaton ɗakin kare na katako da aka yi a 1890 saboda wata karya mai suna Dido, shima yana cikin abin da doka ta kare.

Yadda ya tsira

Bayan yaƙin duniya na biyu gidaje irin wannan da yawa sun salwanta a Ingila, harajin gado yayi nauyi, ma'aikata sun yi tsada, magada sai su sayar a rushe a kwashe dalmar rufi da katako. Shima saura kaɗan. A 1951 aka sa shi a kasuwa aka yi gwanjon kayan ciki, sai wasu mutum uku 'yan yankin suka haɗa kuɗi suka saya don kar a rushe. A 1953 wani ɗan kasuwa Ba'amurke daga jihar Maine, Charles Henry Robinson, wanda ya taɓa ganin gidan yana saurayi ya kasa mantawa da shi, ya saye shi, da ya rasu a 1985 ya bar wa National Trust.

Ita dokar kare gine-gine ta Ingila ta kafu sosai ne da dokar tsara birane ta 1947. Ana sa gini a rajista a ɗaya daga cikin matakai uku, na I da na II* da na II, hukumar Historic England ce ke ba gwamnati shawara kuma take riƙe da rajistar. Mataki na I shine ƙololuwa, kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke samunsa, kuma a nan Ightham Mote yake. Ma'anarsa ko kai ne mai gidan ba ka isa ka canja taga ko ka fasa bango ko ka cire tsohon murhu ba sai ka nemi izini daga ƙaramar hukuma, in kayi gaban kanka laifi ne da zai iya kai ka kotu, tara ko ma ɗauri.

Amma fa rajista ba ta hana ruɓewa. Lokacin da National Trust ta karɓi gidan danshi ya ci shi, ƙwari masu cin katako sun raraƙe ginshiƙai ta ciki. A 1989 aka fara aikin gyara, ba a gama ba sai 2004, ya ci kusan fam miliyan 10, kuma a lokacin shine aikin gyara mafi girma da ƙungiyar ta taɓa yi wa gida irinsa. Ɓangare ɓangare aka riƙa kwance ginin, a sa wa katako da dutse lamba, a ɗauki hoto, a yanke inda ya ruɓe kawai a dasa sabon oak a jikin tsohon sannan a mayar da shi inda yake. Kwaɓin farar ƙasa ake amfani da shi a irin wannan aiki a maimakon siminti, don shi siminti yana kulle danshi a cikin tsohon bango, duk wanda ya taɓa ganin an shafe ginin ƙasa da siminti ya kumbura ya zube bayan damina zai gane wannan.

Sai kuma tambayar wane zamani za a mayar da gidan, na 1340 ko na Tudor ko na Selby? Shawarar da aka yanke itace a bar shi yadda aka karɓe shi a 1985, har da ɗakunan da Robinson ya zauna da irin kayan zamaninsa. Tokar gawarsa ma a gidan aka binne ta, kusa da tsohon ɗakin da ke ƙasan bene na ƙarni na 14.