Yadda hoto ke yi wa likita jagora a tiyatar farfaɗiya

Wace irin farfaɗiya ce ake kaiwa ga tiyata?

Wadda ta ƙi jin magani. Idan an gwada magunguna biyu da suka dace, mara lafiya ya sha su yadda aka tsara, amma ciwon bai daina tashi ba, to ta shiga wannan sahu. Kusan ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya haka suke. A wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2001, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki a sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne sun shekara ciwon bai gusar musu da hankali ba. Cikin masu shan magani kaɗai, kashi 8 ne suka samu haka.

Mene ne aikin hoto a ɗakin tiyata?

Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da MRI, wato na'urar da ke nuna cikin jiki ta hanyar maganaɗisu, tun kafin ranar aiki, a sa shi a kwamfuta, a daidaita shi da kan mara lafiya. Duk inda likita ya ɗora tsinin wata 'yar sanda da kwamfutar ke bin motsinta, allo zai nuna masa wurin a jikin hoton.

To me ya sa ake sake ɗaukar hoto ana tsakar aiki?

Nan ne gizo ke saƙa. Da an buɗe ƙoƙon kai, ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki sai ya zube, ita kuma ta ɗan nutse ko ta kumbura. Tsohon hoton ya daina dacewa ke nan. Ga shi kuma sau da yawa naman da ke tayar da ciwon, musamman wanda bai ginu daidai ba tun a cikin uwa, ido ba ya iya bambanta shi da lafiyayye. Ɗan guntun da aka bari yana iya dawo da farfaɗiyar. Shi ya sa wasu asibitoci ke sa mara lafiya a na'urar MRI kafin a rufe kan, idan an ga saura a cire nan take. Wasu na amfani da na'urar hoto ta sauti, wadda ta fi sauri, ko da yake hotonta bai kai na MRI fitowa ba.

Me ake tsoron taɓawa?

Hanyoyin magana, motsi da gani. Akwai jijiyoyin gani da ke lanƙwasowa ta sashen da ke saitin kunne, idan aka yanke su mutum na iya rasa ganin wani ɓangare na saman abin da yake kallo. Akwai hoton da ke zana su a allo don a kauce musu.

Hoto kaɗai ya wadatar?

A'a. Wani mara lafiyar MRI ɗinsa ba ya nuna komai. Sai an dasa siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa, a jira ciwon ya tashi, a ga daga ina wutarsa ke farawa.