Wai FIFA na korar duk wanda ya ɗaga tuta har abada? Ga abin da dokar ta ce, ga kuma gaskiyar labarin 'yan ƙwallon Aljeriya na 1958

Ranar Asabar na je filin makarantar firamaren unguwarmu kallon wasan yara, sai na tarar da kocinsu ya jera su yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu jesi, duk wanda ya gani da rubutu a singiletin ciki sai ya ce ya cire ya ba shi. Yara uku sun rubuta Gaza da alƙalamin maka, ɗaya ma ya zana tutar Falasɗinu da kalar makaranta har ta fara zuba saboda gumi, yana cirewa idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce koc lafiya? Sai ya ciro waya ya kunna min wata murya da ke yawo a WhatsApp, wani mutum yana rantsuwa wai FIFA ta yi doka duk ɗan wasan da ya nuna tuta ko rubutun siyasa an kore shi daga ƙwallo har abada, kuma wai haka ta yi wa 'yan Aljeriya a 1958 suka mutu ba su sake taɓa bal ba. Kocin nan ba mugu ba ne wallahi, tsoro yake kar a rufe wa yaransa ƙofa tun ba su je ko'ina ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan, don maganar nan an haɗa gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa an dama.

Dokar rubutu a jiki tana nan, ba wanda zai musa. Tana cikin Doka ta 4 ta dokokin wasa da IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa a duniya, ke fitarwa, wadda ta yi magana kan kayan da ɗan wasa ke sawa, ta ce kar kaya su ɗauki take ko hoto na siyasa ko addini ko saƙon kai, kuma kar ɗan wasa ya ɗaga riga ya nuna irin wannan a ta ciki. Ta hau kan 'yan wasa, 'yan benci da jami'an da ke zaune a gefen fili.

To amma hukuncin fa? Nan ne mai muryar ya yi ta zuba abin da ba shi da tushe. Dokar ba ta ambaci kora har abada ba ko sau ɗaya, ba ta ma yanke ko nawa ne tara ba, cewa ta yi masu shirya gasar ko hukumar ƙwallon ƙasa ko FIFA su za su hukunta ɗan wasan ko ƙungiyarsa. Wato ba lafiri ne zai tsaya a fili ya yanke maka hukuncin siyasa ba, shi nasa ya rubuta a rahoto. Yalo katin da kuke gani ana ɗaga wa mutum in ya ci ƙwallo ya tuɓe riga, wannan wata doka ce daban, Doka ta 12, ko hoton mahaifiyarka ce a ciki ko ba komai ma in ka cire riga ko ka rufe kai da ita za ka sha kati.

Mu duba abin da ya faru da mutanen da suka aikata a gaban duniya. Mohamed Aboutrika na Masar, a gasar kofin Afirka ta 2008 a Ghana, ya ci Sudan a Kumasi ya ɗaga riga ya nuna saƙon tausaya wa Gaza, yalo kati ya samu da gargaɗi, kuma shi ɗin ne dai ya ci ƙwallon da Masar ta doke Kamaru 1-0 a wasan ƙarshe ta ɗau kofi. Frédéric Kanouté ɗan Mali ya nuna riga mai sunan Falasɗinu a Janairun 2009 yana Sevilla, tarar yuro 3,000 aka ci shi ya ci gaba da wasansa. Xhaka da Shaqiri na Suwizalan da suka yi alamar gaggafar Albaniya da hannu a wasansu da Sabiya a kofin duniya na 2018, faran 10,000 na kuɗin Suwizalan kowannensu ya biya, ko wasa ɗaya ba a hana su ba. Mafi tsanani da nake tunawa a irin wannan shi ne Park Jong-woo na Koriya ta Kudu da ya ɗaga allo kan tsibirin da suke jayayya da Japan a wasannin Olamfik na 2012, wasa biyu aka dakatar da shi da tarar faran 3,500. In kuma 'yan kallo ne suka ɗaga, kulob ɗin ake kamawa, kamar yadda hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ci Celtic ta Scotland tarar yuro 10,000 a 2016 kan tutocin Falasɗinu. To ina har abadan take?

Na san wani zai ce ai Anwar El Ghazi fa, ai Youcef Atal fa, 'yan wasan da aka hukunta kan abin da suka wallafa game da yaƙin Gaza. Waɗannan ba Doka ta 4 ba ce ta taɓa su. El Ghazi kulob ɗinsa Mainz ne ya soke kwantiraginsa a 2023 kan rubutun da ya yi a Instagram, ya kai su kotun ma'aikata ta Jamus kuma ya yi nasara a 2024. Atal shi kuma hukumar gasar Faransa ce ta dakatar da shi wasa bakwai kan bidiyon da ya yaɗa, sannan kotun Faransa ta yanke masa nata hukuncin. Duk wanda zai je wasa Turai ya san wannan, abin da ya fi cizo shi ne takardar da ka sa wa hannu da dokar ƙasar da kake zaune.

Yanzu maganar Aljeriya, wadda ita ce ta fi sosa min rai don an ɗauki labarin jarumai an mayar da shi abin tsorata yara.

Faransa ta shiga Aljeriya tun 1830, kuma ba ta ɗauke ta a matsayin ƙasar da take mulka ba ma, cewa take wani yanki ne na Faransa kanta. Ranar 1 ga Nuwamban 1954 ƙungiyar FLN mai fafutukar 'yancin Aljeriya ta ɗau makami. Ana cikin wannan yaƙi, a tsakiyar Afrilun 1958, saura wata biyu a fara kofin duniya a Suwidin, sai aka wayi gari wasu ƙwararrun 'yan wasa Aljeriyawa wajen goma sun ɓace daga kulob-kulob ɗin Faransa, wasu ta Suwizalan wasu ta Italiya, suka ɓulla a Tunis, babban birnin Tunisiya, don su kafa ƙungiyar ƙwallon FLN da za ta riƙa buga wasa da sunan Aljeriya. Mohamed Boumezrag ne ya kitsa abin a ɓoye. Cikinsu akwai Mustapha Zitouni da Abdelaziz Ben Tifour na Monaco, da Abdelhamid Kermali na Lyon, da Rachid Mekhloufi na Saint-Étienne, yaro ɗan shekara 21 haifaffen Sétif, garin da aka yi wa Aljeriyawa kisan kiyashi a Mayun 1945 yana ɗan ƙarami. Zitouni da Mekhloufi suna cikin waɗanda Faransa ke shirin tafiya da su kofin duniya, ku yi tunani fa, albashi, suna, gida, kofin duniya a gabanka, ka ajiye duka ka bi dare. Mekhloufi ma yana cikin aikin sojan dole a lokacin, don haka a idon Faransa ya zama sojan da ya gudu daga bakin aiki.

Gaskiya ne hukumar ƙwallon Faransa ta kai ƙara, kuma FIFA ta dakatar da su ta kuma yi barazanar hukunta duk hukumar ƙasar da ta yarda ta buga da su. Wannan ɓangaren mai muryar bai yi ƙarya ba. Amma ba don rubutu a riga ba ne, ba kuma har abada ba ne. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Evian ta kawo ƙarshen yaƙin a Maris 1962 Aljeriya ta samu 'yanci a Yuli, Mekhloufi ya koma Saint-Étienne, ya ci gasar Faransa da su a 1964 da 1967 da 1968, kuma a wasan ƙarshe na kofin Faransa na 1968 shi ya ci ƙwallo biyun da suka ɗau kofi, yana kyaftin, ya karɓe shi daga hannun shugaban Faransa na lokacin, Janar de Gaulle. Sai a Nuwamban 2024 Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Wanda kuma ya sha ɗauri a cikinsu, irin Hassen Chabri da aka kama a kan iyaka, gwamnatin Faransa ce ta kulle shi, FIFA ba ta da kurkuku.

To da wace sanda aka doke su? Da biyu, na farko sun bar kulob da kwantiragi a wuyansu, na biyu kuma, wanda shi ne babba, ƙungiyar da suka kafa ba mamba ba ce a FIFA. Har gobe wannan ƙa'ida tana cikin kundin FIFA, cewa 'yan wasa da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin mambobinta ba za su buga da wanda ba mamba ba sai da izininta. A ido dai doka ce ta tsari, don kar kowa ya tashi ya kafa tasa hukumar a yi ta rikici, kuma na yarda akwai hikima a ciki. Amma ku bi ni mu ga ƙofar shiga. Kundin ya ce hukuma ɗaya ake karɓa a kowace ƙasa, kuma ya daɗe yana ɗauke da sakin da ya ce yankin da bai samu 'yanci ba tukuna zai iya neman shiga, amma sai da amincewar hukumar ƙasar da yake ƙarƙashinta. Ku sake karantawa a hankali. Mutanen da ke zubar da jini don su rabu da wanda ya danne su, an ce in suna son a san da su a fili sai sun je wajen shi ɗin ya sa musu hannu. Ni dai na juya wannan sakin ta ko'ina ban ga yadda za a kira shi tsayawa a tsakiya ba, don wanda ya riga ya zauna a kujera shi ke riƙe da makulli, kuma in ka ce ba ruwanka da faɗan kura da akuya kowa ya san wa ka taimaka.

FIFA tana cewa ba ta shiga siyasa da addini, amma a layin da ke biye ta bar wa kanta ƙofa cewa ana iya samun keɓancewa. Ranar 28 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu kacal da shigar Rasha Yukren, ita da UEFA suka dakatar da ƙungiyoyin Rasha gaba ɗaya. Ban ce ba daidai ba ne, mutanen Yukren ma mutane ne an shigo musu gida. Abin da ke ci min rai shi ne saurin nan ba kowa ke samunsa ba, Falasɗinu mamba ce a FIFA tun 1998, ta yi shekaru tana kai ƙorafi ana ta kafa kwamiti.

Akwai kuma masu haɗa wannan da dakatarwar da aka yi wa Najeriya a Yulin 2014, wannan ma daban ce, dokar hana gwamnati da kotu tsoma baki cikin hukumar ƙwallo ce, bayan wata kotu a Jos ta tsige shugabannin hukumar ƙwallon Najeriya NFF na lokacin Aminu Maigari, kuma cikin kwanaki aka janye da aka mayar da su. Ba ruwanta da tuta.

Don haka koc, da duk masu riƙe da yara a unguwanni, ku kwantar da hankalinku. Wasan sada zumunci a filin firamare ba mai rubuta sunan yaro ya aika Zurich, hedikwatar FIFA. In gasa ce mai rajista ƙarƙashin hukumar ƙwallon jiha, to ku karanta takardar ƙa'idar gasar, in sun hana ku gaya wa yaran gaskiya cewa an hana kuma ga iya hukuncin, ku bar yaro ya san abin da yake zaɓa, kar ku ce masa rayuwarsa ta ƙwallo ta ƙare. Kuma in za ku ba su labarin 1958 ku ba su shi cikakke, cewa mutanen nan sun yi shekara huɗu suna yawo daga Tunisiya da Maroko zuwa Iraƙi da gabashin Turai har China da Vietnam, sun buga wasa sama da 80, suna neman a ɗaga tutarsu a rera takensu kafin a take bal alhali ƙasar ba ta ma samu 'yanci ba tukuna. FIFA ba ta lissafa waɗannan wasanni cikin na hukuma ba, amma a Aljeriya daga kansu ake fara ƙirga tarihin ƙungiyar ƙasa.