Bibiyar lafiyar filin kiwo

Bibiyar lafiyar filin kiwo aiki ne na komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara ana duba ciyawa da ƙasa da itatuwa ana rubutawa, don a gane ko filin yana farfaɗowa ne ko kuwa mutuwa yake yi a hankali ba a lura ba. Ana yin sa a manyan gandayen kiwo masu shingen waya irin na yammacin Amurka da Ostiraliya, ana kuma yin sa a dajin Sahel inda ba shinge, garke ke bin ruwa da haki duk inda suka samu. Kuma fa ba Bature ne ya fara ba, Fulanin Nijar suna da garso, mutumin da ke yin gaba ya dubo daji kafin a tashi da shanu, ya ga irin ciyawar da ta fito da ruwan tabki da ko akwai cuta a wurin sannan ya dawo da labari. Abin da masana suka ƙaro shi ne sikeli da takarda.

Abin da ake dubawa

Kuskuren baƙo shi ne ya ga daji ya yi kore shar a watan Agusta ya ce ai filin nan lafiya lau. To ba haka ba ne, tafasa ma kore ce, tumfafiya ma kore ce, garmani kuwa da ta mamaye burtali da makiyaya masu yawa a jihohin Maraɗi da Dosso ta fi kowa cika ido, amma saniya za ta ratsa ta cikinta ta fita ko kallo ba ta yi ba. Shi ya sa tambayar farko ita ce wace ciyawa ce ta fito. Idan ana samun gamba, wadda saiwarta ke rayuwa shekara da shekaru tana toho da zarar an yi ruwan fari, ga kyasuwa ga gadagi ga burburwa, to da sauran ƙarfi a filin. Idan gamba ta ɓace sai a kan iyakar gonaki inda ake barinta don zana, tsidau ya kama bakin rijiya, to an fara cin jari ke nan ba riba ba. Ƙarangiya ita ce mai ruɗa mutane, tana damun ƙafa da wando amma abinci ce mai kyau ga dabba tun tana ɗanya, kuma bayan ƙayar ta zube ma ana cinta da rani.

Wani masanin kiwo a Amurka mai suna Dyksterhuis ya tsara wannan tunanin a 1949, ya kasa tsirrai uku: masu raguwa in kiwo ya yi yawa, masu ƙaruwa saboda dabba ba ta damu da su ba, da 'yan kutse da ke shigowa in fili ya lalace. Daga baya hukumomin filaye na Amurka suka fito da alamomi 17 da ake dubawa, an tattara su ƙarƙashin abu uku, wato ko ƙasa tana zaune daram, ko ruwan sama yana shiga cikinta, da ko tsirrai suna iya maye kansu.

Ƙasar ma tana magana. Inda ciyawa ta ƙare sai saman ƙasa ya daskare ya zama faƙo, ruwa ya zuba ya wuce kamar an zuba a kan siminti, iri bai samu wurin maƙalewa ba, 'yar ƙoramar da ta fara kamar sawun keke shekara uku sai ka ga ta zama kwazazzabo. Ana duba tushen ciyawa ma, in ya tsaya a kan ɗan tudu kamar an ɗora shi to iska ko ruwa sun kwashe ƙasar da ke gefensa. Sai itatuwa irin su aduwa da gawo da sabara, ba manyan kaɗai ake ƙirgawa ba, in babu 'yan ƙanana masu tasowa to dajin tsofaffi ne kawai.

Yadda ake awo

Lokacinsa ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ciyawa ta gama girma ba ta kai ga bushewa ta karye ba. Ana miƙa igiyar awo a layin da aka yi wa alama tun bara, a kowane taki a sauke siririn ƙarfe a rubuta abin da ya taɓa, ciyawa ce ko busasshen ganye ko ƙasa tsirara. Sannan a ajiye firam mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a yanke duk abin da ke ciki da lauje ko almakashi, a zuba a jaka a auna, a shanya har ya bushe ƙarau a sake aunawa, don nauyin busasshen shi ne abin lissafi, ɗanyar ciyawa yawancinta ruwa ne. Giram 100 a firam ɗaya daidai yake da tan ɗaya a hekta. Wanda ba shi da kayan nan ko hoton waya ya isa farawa, a tsaya a gindin itace ɗaya a fuskanci gefe ɗaya a wata ɗaya kowace shekara.

Daga nan sai lissafin baki. A Sahel ana ƙiyasi da dabba mai kilo 250, wadda ke cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana, rani kuma wata tara ne, kwana 270, ka ga tana buƙatar kusan tan 1.7 ke nan kafin wani ruwan. Kuma ba duk abin da ya tsiro ne ke shiga ciki ba, gara ta ci, iska ta kwashe, kofato ya tattake, wutar daji ta lashe, dole kuma a bar wani ya rufe ƙasa, saboda haka kashi ɗaya cikin uku kawai ake sawa a lissafi. Filin da ya ba da tan ɗaya a hekta sai an haɗa hekta biyar kafin ya riƙe saniya guda.

Da wannan hanyar ma'aikatar kiwo ta Nijar ke fitar da lissafin ciyawa na ƙasa duk shekara. Bayan daminar 2009 lissafin ya nuna giɓin kusan tan miliyan 16, kuma a 2010 dabbobi suka yi ta mutuwa, farashinsu ya faɗi warwas a kasuwa. Amfanin sanarwa da wuri shi ne mai garke ya sayar da wasu tun suna da nama, a tanadi dusa da angurya, a share layukan tare gobara inda ciyawa ta yi kauri.

Daga sama

Tun farkon shekarun 1980 aka gwada auna ciyawa da tauraron ɗan'adam a yankin Ferlo na Senegal, da ma'aunin da ake kira NDVI, wanda ke gane koren ganye ta irin hasken da yake mayarwa. Yanzu cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya auka wa Sahel a farkon shekarun 1970, tana fitar da taswirar ciyayi ga ƙasashen yankin. Sai dai tauraro kore kawai yake gani, bai san garmani daga gadagi ba, dole wani ya sauka da lauje.

Ruwa ne ko baki ne

Nan ne gardama take. In ciyawa ta ragu, laifin yawan dabbobi ne ko ƙarancin ruwa? A inda damina ba ta da tabbas, awon shekara ɗaya ko biyu ba ya raba wannan gardamar, shi ya sa ake kafa ma'aunin ruwan sama kusa da wurin awo, wani lokaci a killace ɗan fili da waya a hana dabba shiga don a kwatanta. A Widou Thiengoly, can Ferlo ɗin dai, an killace filaye daga 1981 aka zuba adadin dabbobi ƙayyadadde a kowanne, aka bi su fiye da shekara ashirin ana kwatantawa da dajin da kowa ke kiwo a waje. Tsarin bai ba da abin da aka zata ba: shekarar fari dabbobin cikin waya sun yi wa filin yawa kuma ba inda za su, shekarar ruwa kuma ciyawa ta fi ƙarfinsu ta kwanta ta danne sabon tsiro, har masu aikin suka koma goyon bayan a bar makiyaya su riƙa tashi suna bin ruwa.