Me ya sa rumbun bayanai yake nauyi idan ana kwafar VM zuwa wata saba?

Ka saita kwafin VM, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), domin ranar da saba za ta mutu, sai ga masu amfani suna ƙorafin cewa manhaja tana tsayawa cak, wani lokacin har ta yanke. Kafin ka taɓa rumbun bayanan, duba faifai tukuna.

Kwafi ne kawai, me ya haɗa shi da saurin rumbun?

Faifai ɗaya suke ci. Manhajar kwafi irin Veeam a kan VMware, tsarin da ke gudanar da VM, tana fara ɗaukar hoton faifan, wato snapshot. Daga nan asalin faifan ba a rubutu a kansa, duk sabon rubutu yana zuwa wani fayil na gefe. Idan an gama kwafi, sai a cire hoton, a mayar da abin da ya taru cikin asalin faifan. A nan gizo ke saƙar, domin a ƙarshen haɗewar dole a dakatar da VM ɗin. Ga VM mai ɗan aiki, ƙiftawar ido ce. Amma rumbun da ke rubutu ba ƙaƙƙautawa, fayilinsa na gefe ya riga ya kumbura, tsayawar tana iya kai daƙiƙoƙi masu yawa.

Hyper-V Replica kuwa, hanyar kwafin VM ta Microsoft, tana rubuta kowane canji a fayil mai ƙarshen .hrl, ta tura shi duk daƙiƙa 30, ko minti 5, ko minti 15. Rubutu ya ƙaru ke nan a kan faifan da dama a gajiye yake.

Yaya zan tabbatar kwafin ne?

Kwatanta lokuta. Buɗe vmware.log na VM ɗin, ka nemi layin da ke cewa "vm stopped for". Lambar da ke bayansa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa take ƙirgawa, don haka 12000000 daƙiƙa 12 ce. Sannan ka duba kundin kurakuran SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft: saƙo mai lamba 833 yana nufin karatu ko rubutu ya wuce daƙiƙa 15 bai kammala ba. Idan lokutan sun zo daidai da na cire hoton, ka kama ɓarawonka.

Ina ganin "I/O is frozen on database". Lalacewa ce?

A'a. VSS ne, sashen Windows mai shirya faifai domin ɗaukar hoto, ya ce wa rumbun ya riƙe rubutu kafin a ɗauki hoto. Nemi "I/O was resumed" a ƙasa, ka auna tazarar. Idan hoton yana ƙin ɗaukuwa, umarnin vssadmin list writers zai nuna marubucin da ya gaza, wato ɓangaren manhajar da ke amsa wa VSS.

To in kashe VSS mana in huta?

Za ka iya, amma kwafin zai zama kamar na sabar da aka zare wa wuta. Rumbun zai farfaɗo daga kundin ma'amaloli, inda yake rubuta kowane canji, muddin faifan bayanai da na kundin a lokaci ɗaya aka kama su. Ni dai ban yarda da kwafin da ba a taɓa kunna shi an gwada ba.

Me ya sa Always On yake yankewa a daidai lokacin?

Always On tsarin SQL Server ne da ke riƙe kwafin rumbun a kan saba fiye da ɗaya. Sabobin suna jiran juna daƙiƙa 10 bisa saitin asali. Tsayawar da ta wuce haka, ɗaya za ta ɗauka 'yar'uwarta ta ɓace. Ɗauki hoto daga saba ta biyu, mai karɓar kwafi, kuma kada ka ɗauki duka biyun tare.

Mene ne gyaran?

Ware tempdb, rumbun wucin gadi na SQL Server, a faifansa, ka cire shi daga kwafi, tunda SQL Server yana sake gina shi duk lokacin da ya tashi; ka dai tanadi faifan a ɗaya ɓangaren. Kada kwafi ya haɗu da lokacin sake gina fihirisar da rumbun ke nemo bayanai da ita. Goge tsoffin hotunan da aka manta, VMware ma ta ce kada hoto ya wuce awa 72. Idan kuma rumbun mai yawan rubutu ne, shawarata ka bar shi ya kwafi kansa da Always On, ko kwafin WAL, kundin ma'amaloli na manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ka bar kwafin VM wa sauran sabobin.