Wai me ake nufi da maikuro-CT ne?

Duk wanda ya taɓa sayen kankana ya san wannan matsalar. Daga waje ba ka da tabbas, sai mai kankana ya ce bari in yanka maka ka gani, kuma da zarar wuƙa ta shiga shi kenan, ko ja ce ko fara ba ta komawa yadda take. To irin wannan ne masu haɗa ƙashi da nama a ɗakin gwaji suka daɗe suna fama da shi, shi ya sa kalmar maikuro-CT ba ta barin bakinsu.

In mutum ya rasa ƙashi mai yawa, ko a hatsarin mota ko an yanke saboda ciwon daji, giɓin kan yi girman da ɗori ba zai yi ba, jiki ba zai iya cike shi da kansa ba. Sai masu bincike su ƙera wani ɗan abu kamar soso, duk jikinsa huji, da sinadarin haidiroksi-afatayit wanda shi ne ainihin ma'adinin da ke cikin ƙashinmu, ko da wata roba ta musamman da ke narkewa a jiki a hankali. Sikafol suke ce masa, kamar dai wanda magina ke kafawa kafin gini ya tsaya da ƙafarsa. A zuba masa ƙwayoyin halitta, ko a dasa shi a jikin ɓera, a jira. Tambayar ita ce, me ke faruwa a can ciki?

Tsohuwar hanya ita ce ta mai kankana. A ciro shi, a yanka siri-siri, kaurin kowane yanki kamar maikuromita 5, a rina, a leƙa da madubin likita. Maikuromita shi ne ka raba milimita ɗaya gida 1000, gashin kai ɗaya ma kaurinsa ya kai wajen 70. Ana gani da kyau kam, amma samfurin ya tafi, kuma in kana son ka ga sati na 2 da na 4 da na 8 to kowanne sai ka kashe wani ɓeran daban.

Maikuro-CT ƙanin siti sikan ɗin asibiti ne, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara ɗaukar mara lafiya da shi a Landan a 1971, har ya ci kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Na asibiti kai ne a kwance na'ura na zagaya ka, kuma abin da bai kai kamar rabin milimita ba ba ta ganinsa sosai. Shi kuwa ƙaramin, akwai wanda a kan tebur ma yake zama, samfurin ake ɗorawa a wani ɗan faifai yana juyawa kaɗan-kaɗan, duk juyi a ɗau hoton eksire, ɗaruruwa, wani lokaci sama da 1000, sai kwamfuta ta haɗa su ta fito maka da abin sukutum, ka juya shi a allo, ka yanka shi ta ko'ina ba tare da ka taɓa shi ba. Yana iya rarrabe abu mai 'yan maikuromita kacal. Jim Elliott ne ya fara haɗa shi a Ingila a farkon shekarun 1980, kuma abin dariya hoton farko na wani ɗan dodon koɗi ne. A Amurka kuma Lee Feldkamp na kamfanin motoci na Ford, shi damuwarsa lahanin da ke ɓoye cikin kayan mota ne, likitocin ƙashi suka gani suka ce ai mu ma muna so.

Hujin nan na sikafol shi ne komai. In bai kai maikuromita 100 ba ƙashi ba ya shiga da kyau, da yawa ma sun fi son ya haura 300 don jijiyoyin jini su samu hanya. Kuma ba girma kaɗai ba, dole ramukan su buɗe wa juna kamar cikin suri, lungu ya kai ka lungu, don ƙwayar halitta in ta yi nisa da jini fiye da kamar maikuromita 200 iskar oksijin ba ta isa gare ta, mutuwa take. Sai ka ga sikafol daga waje tsaf, ƙwayoyi sun lulluɓe shi, tsakiyarsa kuwa kango.

Amma fa maikuro-CT gida yake nunawa, ba 'yan haya ba. Eksire abu mai tauri yake kamawa, ƙashi da ma'adini su fito fari tas, nama da guringuntsi da roba kuwa duk su zama toka-toka iri ɗaya, sai an jiƙa samfurin da aidin ko makamancinsa, kuma yawanci da an yi haka rai ya fita. Ko ƙwayoyin na raye ko sun mutu, ba zai gaya maka ba. Shi ya sa ake haɗawa da MRI, wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, in guringuntsi ne tunda ita ruwa take bi, ko OCT mai aiki da haske wanda bai wuce zurfin milimita 1 zuwa 2, kuma har gobe a ƙarshen bincike sai an ɗauko wuƙar nan an yanka. Ga kuma tururin eksire ɗin kansa, in aka yi ta haska ƙafar ɓera a kai a kai yana iya taɓa ƙashin da ake son aunawa.

Ni abin da ya fi sa ni ɗaga gira shi ne hoton mai kala da ake sawa a rahoto. Na'urar toka-toka take bayarwa, mutum ne ke zama ya ja layi ya ce daga nan zuwa sama ƙashi ne, daga nan zuwa ƙasa rami ne. Ya ɗan matsar da layin kaɗan, adadin sabon ƙashin ya ƙaru, samfuri ɗaya ne bai canza ba. Don haka in na ga irin hoton nan, kafin in kalli kalarsa sai na nemi inda suka faɗi maikuromita nawa ne kowane ɗigon hoton, da kuma a ina suka ja layin.