Waiwaye: Yadda Ƙauyukanmu Suka Zama Darasin Digiri

Da wani malamin firamare na wani ƙauye a ƙasar Ringim ya sami gurbin karatun digiri na biyu, ya je ya sanar da kawunsa cewa zai nazarci al'ummomin Afirka da al'adunsu, sai dattijon ya dube shi ya ce, "To ɗana, ashe mu ne za ka je birni ka biya kuɗi a koya maka?" An yi dariya a zauren, amma tambayar tana da tarihin da ya haura shekara ɗari.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, suka kuma murƙushe Haɗejiya a 1906, bukatarsu ta farko ita ce sanin mutanen da za su karɓi haraji da jangali a hannunsu. Di'o-di'o suka riƙa rangadi gunduma-gunduma suna rubuta yawan gidaje da gonaki da shanu, da sana'o'in mutane, da asalin sarautar kowane dagaci, kuma yawancin waɗannan rahotanni suna nan ajiye a taskar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. A 1908 wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya buga fassarar tarihin sarakunan Kano da Turanci. A Landan aka kafa makarantar nazarin ƙasashen gabas a 1916, wadda aka ƙara wa sunan Afirka a 1938, kuma a can ne jami'an mulkin mallaka da dama suka koyi Hausa. A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka, Lugga ne shugabanta na farko, sannan ƙamusun Hausa da Turanci na Bargery ya fito a 1934. Ilmin da aka tara a wannan zamani ba na banza ba ne, sai dai mai karɓar haraji ne ya tsara tambayoyin, don haka abin da bai shafi mulki da kuɗin shiga ba sau da yawa ba a rubuta shi.

Daga nan sai masu bincike na jami'a suka fara sauka a karkarar Kano. Joseph Greenberg, ɗalibin digiri na uku daga Jami'ar Northwestern ta Amurka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana nazarin tasirin Musulunci a kan addininsu na gargajiya, kuma malaminsa Melville Herskovits shi ne ya buɗe shirin nazarin Afirka a wannan jami'a a 1948. Polly Hill ta yi aiki a Dorayi a farkon shekarun 1970, lokacin da wurin yake gonaki da manyan gidajen gandu, ta wallafa sakamakon a 1977. Wanda ya san Dorayi ta yau, da birni ya haɗiye ta ɗungurungum, zai gane darajar abin da ta rubuta. Michael Mortimore kuwa ya shafe shekaru yana komawa Dagaceri, a arewa maso gabashin Jigawa ta yanzu, tun daga lokacin farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, ya kuma nuna wa masu cewa manomin Sahel ne ke kashe ƙasarsa cewa manomin yana da dabarunsa na cin rani da zaɓen iri da haɗa noma da kiwo. A duk waɗannan ayyuka ɗan ƙauye shi ne mai ba da labari, ko tafinta, ko mai masauki, kuma da wuya a ga sunansa a bangon littafi.

Canjin ya faro ne daga kudu. Kenneth Dike, masanin tarihi ɗan kudancin Nijeriya, ya sami digiri na uku a Landan a 1950, ya dage a kan cewa tarihin baka hujja ce da masani zai iya dogara da ita, shi ne kuma ya shugabanci taron farko na masanan Afirka na duniya a Akara a 1962, shekarar da Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyarta ta nazarin Afirka. Duk da haka, a 1963 wani farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar sai na Turawan da suka shige ta. Amsar Arewa ta fito daga Zariya, inda Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ya assasa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970, ya kuma tura ɗalibansa zuwa ga rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ɗakunan malamai. A wannan makaranta ta tunani Yusufu Bala Usman ya kammala digirinsa na uku a kan Katsina a 1974, ya koya wa masu zuwa bayansa su tuhumi kalmomin da Turawa suka bari, musamman kalmar ƙabila.

A fannin harshe da adabi ma an bi irin wannan hanya. M. K. M. Galadanci ya je Landan ya yi digiri na uku a kan nahawun Hausa a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya je Jami'ar Indiyana ta Amurka ya rubuta nasa a kan Mamman Shata a 1975, wato sai da aka haye teku kafin a sami shaidar cewa an san Shata. Bayan Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977, sassan harsunan Nijeriya suka ƙarfafa har aka kai ga rubuta kundin digiri na biyu da na uku da Hausa tsantsa, wanda a ganina shi ne babban abin da wannan zamani ya bar mana. Sai dai a Arewa fannin a rarrabe yake tsakanin sassan tarihi da harsuna da nazarin zamantakewa, don haka mai son takardar da aka rubuta nazarin Afirka a kanta yakan nufi Ibadan ko Legon ta Gana ko Turai.

Tsuke bakin aljihun da gwamnatin Nijeriya ta fara a 1986 ya raunana wannan yunƙuri, domin mujallu sun daina zuwa ɗakunan karatu, malamai da yawa kuma sun bar ƙasar. Daga baya aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka buɗe jami'ar tarayya a Dutse a 2011 da ta jiha a Kafin Hausa a 2013, sai jami'a ta matso kusa da ɗan manomi fiye da kowane lokaci.

Amma zama ɗan gida ba ya sauƙaƙa bincike kamar yadda ake zato. Ɗan gari yana jin harshen, ya san wa ake gaisarwa da farko, sai dai akwai abubuwan da dattijo zai faɗa wa baƙon da zai tafi gobe, ba zai faɗa wa ɗan ƙanwarsa ba, irin su asalin bauta na wasu gidaje, da rigimar gadon gona, da yadda sarauta ta bar wani gida ta koma wani. Ga kuma kundayen da ake kwafar juna a cikinsu, kowanne ya fara da tarihin kafuwar gari da wani maharbi ya sari daji, ba tare da an tambayi wanda labarin yake yi wa amfani ba. Littattafan da baƙi suka rubuta a kan ƙauyukanmu da dala ake sayensu, namu kuma suna can a kan kanta a sashe suna shan ƙura.

Malamin nan na ƙasar Ringim ya zaɓi tarihin burtalin shanu da ke ratsa gonakinsu. Tun da yake Ringim gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano har zuwa 1991, tafiyarsa ta farko Kaduna ce, inda zai nemi fayilolin Lardin Kano ya ga abin da Di'o ya rubuta a kan garinsu. Kawun ya yarda zai amsa masa tambayoyi, bisa sharaɗin cewa duk abin da ya samo a Kaduna zai fassara ya karanta masa da Hausa a zaure bayan la'asar, a gaban mai unguwa.